Darasi na 14: Dabbar Gida a Jinyar Mai Lalura

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bayyana abin da ake nufi da jinya ta hanyar aiki, ya san yadda akuya ko kaza ko jakin da ke gida zai shiga cikin wannan jinya, ya kuma gane wuraren da haɗari yake don ya kauce musu.

"Ka huta, Baba, mu za mu yi"

Idan hawan jini ya shanye wa magidanci ɓarin jiki, aka yi kwanaki a Babban Asibitin Gumel, aka sallamo shi, kowa ya san abin da ke biyo baya. Za a shimfiɗa masa katifa a ɗaki, a jera masa filo, 'yan dubiya su yi ta shiga da fita suna "Allah ya ƙara sauƙi". In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai ɗansa ya riga shi. In ya ce a kai shi ya ga ragunansa, sai a ce, "Ka huta, Baba, mu za mu yi." Kafin wata biyu an kai ragunan kasuwa, wai don a rage masa tunani.

Duk wannan ƙauna ce, babu mai musu. Amma ƙauna ce da ke cutarwa ba a sani ba. Hannun da aka daina amfani da shi ƙara sandarewa yake yi, yatsu su dunƙule, kafaɗa ta riƙe. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan sauƙin da mai shanyewar ɓarin jiki ke samu yana zuwa ne a cikin wata uku zuwa shida na farko, kuma yana zuwa ne ta maimaita motsi, domin ƙwaƙwalwa tana buɗe sababbin hanyoyi ne idan ana tilasta mata aiki. Waɗannan watanni masu tsada su ne muke ɓatarwa da "ka huta". Bayan jiki kuma ga zuciya. Mutumin da ya shekara 30 asuba ba ta same shi a kwance ba, yau ba abin da ke jiransa. Daga nan ake fara jin maganar nan mai ɗaci: "Na zama kaya a gidan nan."

Mene ne jinya ta hanyar aiki?

Mun saba da masu gashin ƙashi a asibiti, waɗanda ke motsa gaɓoɓi, su koya wa ƙafa taku. Akwai wasu ma'aikatan lafiya, 'yan'uwansu ne a aiki amma hanyarsu daban. Tambayar da suke fara yi wa majinyaci ita ce: kafin ciwon nan, me kake yi daga safe zuwa dare? Wanne ka fi so ka koma yi da kanka? Wani zai ce alwala, wata ta ce ɗaura zani da tuƙa tuwo, wani ya ce komawa kasuwa. Sai ma'aikacin ya ɗauki wannan aikin ya farfasa shi ƙanana-ƙanana, ya fara da abin da majinyaci zai iya yau, yana ƙara nauyi sannu a hankali. Inda aikin ba zai yiwu yadda aka saba ba, sai a sauya kayan aikin ko a sauya wurin. Aikin da kansa shi ne maganin.

An kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a a 1952. A Nijeriya kuma tun 1988 akwai hukumar tarayya da ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi. Sai dai yawansu kaɗan ne ƙwarai, kuma a manyan asibitocin birane suke. Mutumin Sule Tankarkar ko Gagarawa da ke buƙatar sashen farfaɗo da gaɓoɓi mai cikakkun kayan aiki sau da yawa sai ya dangana da Dutse, ko Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suke. Zai je sau ɗaya ko biyu a wata in kuɗin mota ya samu. Sauran kwanakin a gida yake, a hannunmu. Shi ya sa wannan darasi ya shafe mu.

Yadda dabba ta shigo asibitin Turawa

A 1796 wani Bature mai suna William Tuke ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a birnin York na Ingila. A zamanin, ɗaure irin waɗannan bayin Allah ake yi da sarƙa, abin da har yau ba mu gama rabuwa da shi ba a wasu wuraren namu. Shi kuwa a gidansa an sa zomaye da kaji da tsuntsaye a tsakar gida, majinyata suna ciyar da su, aka ga hankalinsu yana kwanciya. A Jamus ma, cibiyar Bethel da aka kafa a 1867 domin masu farfaɗiya ta haɗa jinya da aikin gona da kiwo.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Lis Hartel, wata mahayiyar doki 'yar ƙasar Denmak. Shan inna ya kama ta a 1944 tana da shekara 23, ya bar mata ƙafafu a shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta dage ta koma hawa, ko da yake sai an ɗora ta an kuma sauke ta. A gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki ta zo ta biyu a wasan sarrafa doki, ta sake zuwa ta biyu a 1956. Bayan wannan ne likitocin Turai suka mai da hankali kan doki, har a 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki na masu lalura a Ingila da Amurka. A Amurka kuma wani likitan halayyar yara, Boris Levinson, ya rubuta a 1962 yadda ya ga yaron da ya ƙi yi wa kowa magana ya saki jiki da karensa.

Yau a waɗancan ƙasashe kare ne kan gaba, ana horar da shi ana shiga da shi ɗakin majinyata. Wannan ba zai zauna a gidajenmu ba. Kare a wurinmu na farauta ne da gadi, wurinsa waje, ga kuma tsoron ciwon haukan kare tunda yawancinsu ba a yi musu allura. Ba mu yi asarar komai ba, domin abin da muke da shi ya fi dacewa da mu.

Abin da ke turke a gidanmu

Duk ranar Alhamis karar Maigatari tana cika da shanu da raƙuma da dawaki da jakuna da tumaki da awaki, wasu daga ƙasar Damagaram a Nijar, wasu daga nesa da nan, tireloli suna lodi zuwa kudu. Tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma.  A faɗin ƙasar Lautai, wato ƙasar Gumel, da wuya ka shiga gida ka rasa akuya a turke ko kaji a akurki. Gwamnati ma ta san haka: bayan hawan Gwamna Muhammad Badaru Abubakar a 2015, an raba wa mata awaki uku-uku bashi don su samu jari.

A nan bambancinmu da Bature yake. Shi sai ya biya kuɗi a kawo masa dabba na awa ɗaya, a mayar. Kuma yana shafa karen ne don hannunsa ya saba, daga baya ya koma ofis inda babu kare. Mu kuwa kiwon shi ne motsa jikin, shi ne kuma sana'ar da ake so majinyaci ya koma mata. Dabba muna da ita, sanin halinta muna da shi tun yarinta. Abin da muka rasa shi ne tsari: wane aiki, yaushe, na minti nawa, kuma wa zai tsaya kusa.

Daga watsa tsaba zuwa ɗaurin turke

A ɗauki misalin magidancin da muka fara da shi, a ce hannunsa na dama ne ya yi rauni, kuma likita ya yarda ya fara zama da tsayuwa. Wannan izini na likita shi ne farko. Ba a fara komai sai an tambaya, kuma ba a daina shan maganin hawan jini don an ga sauƙi.

A makon farko a zaunar da shi a kujera mai jingina a tsakar gida, da hantsi kafin rana ta yi zafi. A ɗora masa ƙwaryar tsaba a cinya, a buɗe akurki. Aikinsa ya cusa hannun dama a cikin tsabar, ya damƙa, ya saki. In hannun bai iya ɗagawa ba, na hagu ya tallafe shi daga gwiwar hannu. Tsabar za ta zube a jikinsa, kar wanda ya yi wuf ya karɓe. Ku lura da abin da ke faruwa a nan. Da a ce masa ya damƙa ya saki sau 50 haka kawai, kafin na goma ya gaji ya ce a ƙyale shi. Amma ga kaji sun kewaye shi suna jira, ga wata mai 'yan tsaki da manyan ke kora, yana so ya jefa mata nata can gefe. Zai yi hamsin ɗin bai ƙirga ba. Minti goma ya isa, safe da yamma.

Wasu masu wannan ciwo, musamman waɗanda ɓarin hagu ya shanye, sukan manta da wancan gefen gaba ɗaya, har su ci rabin tuwon da ke kwano su bar rabin kamar ba su gan shi ba. Irin wannan sai a riƙa tsayar da dabbar a gefen da ya manta. Kukan ɗan akuya zai sa ya waiwaya inda kiran mutum bai sa ba.

Mataki na gaba shi ne shafa. A samo tunkiya ko akuya mai sanyin hali, wadda ta san shi, wani ya riƙe mata wuya. Ya ɗora tafin hannu a gadon bayanta ya ja daga wuya zuwa gindi. Wannan yana buɗe yatsun da ke son dunƙulewa, yana miƙar da gwiwar hannu, ɗumin jikin dabbar da gashinta kuma suna tayar da ji a fata. Daga nan sai haɗa abinci: cuɗa dusa da ruwa da ɗan kanwa a komi, karya harawa, ware kowar wake. Duk aikin hannu biyu ne, kuma hannu biyu ake so, don kada mai lafiyar ya ɗauke aikin duka.

In tsayuwa ta fara ƙarfi, a ɗaga komin a kan turmi ko benci yadda zai zuba dusa a tsaye ba tare da sunkuyo ba, ga bango ko dogari kusa da zai dafa. Tazarar da ke tsakanin ƙofar ɗakinsa da turke ita ce filin koyon tafiyarsa. A share ta, a cire duwatsu da igiyoyi da turakun da ba a amfani da su. Ɗaukar ruwa a fara da rabin buta, ba bokiti ba.

Ƙarshen matakai shi ne aikin yatsu: kwance igiya da ɗaure ta a turke, cire ƙaya daga kofato, tatsa. Wanda ya iya ɗaurin turke da hannunsa ya kusa iya ɗaure mazagin wandonsa, kuma duk wanda ya taɓa jinyar babba ya san darajar wannan a wurin mai mutunci. In igiyar ta yi masa siriri, a naɗe ta da tsumma ta yi kauri. In ƙullin ya gagara, a yi mata zobe da zai rataya a kan turken kawai. Sauya kayan aiki ba gazawa ba ce, rabin sana'ar ke nan.

Abu ɗaya ne a nan ba a sassauci a kansa. Kada a taɓa ɗaura igiyar dabba a hannun da ya yi rauni, kada kuma a ba shi jan rago. Naman da ke riƙe kafaɗar mai shanyewar jiki ya saki, fizga ɗaya za ta iya gocar da ita, ta bar masa ciwon da zai hana shi duk abin da muka lissafa. Haka ma masu ɗaga shi, kada su ja shi ta wannan hannun.

Ba kowa ne hannunsa zai dawo ba, gara a faɗi gaskiya. Amma dillalin da ya shekara 20 a kara, ko hannu bai dawo ba idonsa yana nan. Ya san shekarun akuya daga haƙoranta, ya bambance Balami da Uda da 'Yankasa daga nesa, ya san ragon da zai yi kuɗi kafin layya. A kawo masa dabba ya duba, a tambaye shi farashi, a ba shi lissafin dusa ya riƙe. In ya yi ƙarfi a ɗauke shi a amalanke ranar Alhamis ya zauna a rumfa nesa da turmutsitsi. La'adar farko da zai karɓa da bakinsa za ta yi masa abin da allura ba ta yi.

Maganar doki

Ƙasar Gumel ƙasar doki ce, wanda ya ga hawan sallah ya sani, don haka dole wani ya tambaya ko hawan doki zai shiga wannan jinya. Hikimar ita ce, idan doki yana tafiya a hankali, bayansa yana juya ƙugun mahayi gaba da baya da gefe da gefe, kusan yadda ƙugun mutum ke yi in yana taku. Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana zama da tafiya, in an ɗora shi, jikinsa yana ta gyara zama a kowane taku, naman bayansa da na cikinsa suna ƙarfi. Bincike ya nuna wasu yaran suna samun ingancin zama da daidaito. Bai nuna cewa lalurar tana warkewa ba, duk wanda ya ce maka haka kada ka ba shi kuɗinka.

Inda ake yin abin da ƙa'ida, mutum ɗaya ne ke riƙe da ragama, biyu suna tafiya a gefen yaron, ga hular kwano a kansa, ga ma'aikacin lafiya yana lura, kuma dokin an zaɓe shi ne don sanyinsa. Ingarman da aka horar don sukuwa, wanda ke zabura da jin kalangu, bai dace ba ko kaɗan. Yaro mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ba, ko mai gocewar ƙugu, ko wanda wuyansa bai tsaya ba, ba a ɗora shi. Shawarata ita ce kada iyali su gwada wannan da kansu. Yaron zai iya shafa tsohon jakin gida, ya ba shi ƙaiƙayi, ya taka tare da shi ana riƙe da su duka biyu, ƙafarsa a ƙasa.

Ciwon da ba a gani

Mai ciwon damuwa abin da ya fi yi masa wuya shi ne tashi da safe. Akuya kuwa ba ta san damuwa ba, gari na wayewa za ta fara kuka sai an zo. Ba ta tambayar mutum me ya same shi, ba ta yi masa gori, ba ta kai labarinsa maƙwabta. Saurayin da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali na Kazaure bayan ya rabu da shan kodin ko tiramadol, babban abokin gabarsa shi ne yini babu abin yi, ga tsofaffin abokai suna jira a bakin titi. Rago biyu na turka suna ba shi dalilin tashi, da wurin zuwa yankan ciyawa, da ranar da yake jira. Amma a riƙa lura. In ya fara barin dabbar da yunwa, ko yana dukanta, alama ce ciwon na dawowa, a koma asibiti. Maganin da aka rubuta masa kuma ba a ajiye shi don ya samu kiwo.

Haka tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse birni. Kafin a ce za a sayar da kajinta don a hutar da ita, a tambaye ta tukuna: "Inna, kina so?" A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata, abin a yaba ne. Sai dai kuɗi yana ciyar da mutum ne, ba ya cika masa yini.

Kiyaye kai, kiyaye dabba

Dabba tana ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, majinyaci kuma jikinsa ya riga ya yi rauni. A wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki. A tafasa madara kafin a sha, saboda bakkale da tarin fuka suna bi ta ɗanyar madara. Majinyaci da mai ciki kada su taɓa mahaifar dabba ko ɗan da ta yi ɓari. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, a kira malamin dabbobi. In kaji suka fara mutuwa da yawa, a nisanta majinyaci da akurki. Sabuwar dabba daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida, kuma ba ita ake ba majinyaci ba sai an san halinta. Sa, raƙumi, rago mai tunkuyi da uwa mai sabon ɗa duk ba sa cikin wannan aiki.

Wanda kuturta ko ciwon suga ya kashe wa ji a hannu ko ƙafa, igiya za ta yanke shi bai sani ba. Ya sa takalmi kullum a wurin turke, ya naɗe igiya da tsumma, kowace yamma a duba masa tafin hannu da tsakanin yatsu. Rauni in ya haɗu da kashin dabbobi yana iya kawo ciwon sarƙewar haƙora, don haka a wanke shi nan take a je asibiti a yi allura.

Ita ma dabbar tana da haƙƙi. Ya zo a hadisi cewa babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba, ya kuma zo cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. In majinyaci ya kasa fitowa yau, wani ya ciyar da ita. In ta gaji da shafa tana ja da baya, a sake ta.

Tambayoyi da aikin gida

1. Me ya sa watanni shida na farko suke da muhimmanci ga mai shanyewar ɓarin jiki?
2. Wane abu ne aka hana yi da hannun da ya yi rauni, kuma me ya sa?
3. Ku tattauna a aji: me za ka ce wa ɗan'uwan da ya dage cewa sa mara lafiya aiki rashin tausayi ne?

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya ziyarci mai lalura ɗaya a gidansu ko a unguwarsu. Ya nemi izininsa, ya tambaye shi aikin kiwon da yake yi a da da wanda yake marmarin komawa. Ya rubuta wannan aiki a littafinsa, ya raba shi mataki uku daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba tare da rubuta sunan mutumin ba. Kada a fara gwada komai tukuna. A zo da littafin aji mu duba tare, sannan a kai wa ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa ya ce a fara ko a dakata.